Kwana Shida a Gidan Mutumin da Ba Na Faɗin Sunansa

Tun da na dawo daga Dutse ban ƙara shan shayi da zafinsa ba. Da na ɗaga kofi sai Malam Sabo mai faci ya ce, "Malam Ilu, wai da gaske ka zama ɗan wasan kwaikwayo da furfurarka?" Kafin in amsa wani ya jefo tasa. Shi ya sa na ɗauko ragowar littafin jikata na ce bari in rubuta sau ɗaya, kowa ya karanta, wanda bai iya ba a karanta masa. In kun ga harafi ya karkace ku yi haƙuri. Aji huɗu na yi. Shekarar da zan shiga na biyar babana ya ce boko ya isa haka, jaki ba shi da mai kora.

Ga yadda abin ya faro. Nafisa jikata ce, shekararta goma sha huɗu. Yaye aka kawo ta gidanmu a nan bayan Taura, ta zauna, har tsohuwata, wato kakarta, ta rasu ta bar mini ita. Malaminsu na Hausa ya lura tana cika bayan littafinta da hirar mutane, sai ya ba da sunanta a wani horo na kwana biyar da ake yi wa yara a Dutse lokacin dogon hutu, wai a koya musu rubuta wasan kwaikwayo na rediyo. Ni a sanina wasa yin sa ake yi, ba a rubutawa. Amma aka ce sai da ɗan rakiya, aka duba gidan aka ga ni ne mafi ƙarancin amfani a gona.

Inda gizo ke saƙar shi ne masauki. Uban Nafisa yana Dutse, a unguwar Yalwawa, kuma shi ne ɗan farina. Ku na gida kun san abin da nake nufi, amma saboda yaran yanzu bari in fayyace. A yadda muka taso, mutum ba ya faɗin sunan ɗan farinsa, ba ya hira da shi, ba ya dubansa ido da ido. Kunya ce, ba ƙi ba. Yayana ne ya riƙe shi tun yana rarrafe. In ya zo gaishe ni ya durƙusa, bango nake amsa wa. In da magana, yayana ke kaiwa ya kawo. Da yayan nawa ya rasu shekara shida da suka wuce, aikin ya faɗo kan Nafisa. In ubanta ya bugo waya, sai ta ruga gindin kukar bayan gida, don nan kaɗai sabis yake tsayawa, ta jiyo ta dawo ta faɗa mini, in ba ta amsa ta koma. Shekara arba'in da bakwai ke nan ban ce wa mutumin nan "kai" ba. A takardar nan ma Mutumin Yalwawa zan riƙa ce masa.

Muka tashi da hantsi, ni da ƙwaryar ƙwan zabi a cikin ƙaiƙayi, tsaraba, ita da jakar littattafai. A Gujungu muka sauya mota, ranar kuwa kasuwa na ci, sai da muka ratsa ta tsakanin shanu da buhunan shinkafa kamar masu neman ɓataccen ɗan akuya. Aka haɗa ni kujera da wani Bahaɗeje mai kwandon bandar kifi, mutum mai faɗin ƙirji da yawan tambaya.

"Baba, wajen wa za ka a Dutse?"

"Wajen wani mutum."

"Ba shi da suna?"

Nafisa ta leƙo ta bayan kujera. "Yana da shi. Kaka ne ya zuba a rumbu ya liƙe."

Mutumin ya yi dariya har kwandonsa na rawa. "Ɗan fari ke nan! Ni ma da na fara da nawa. Amma mu a ruwa muke. In kwalekwale zai kife, tsayawa za ka yi neman ɗan aike?"

Na ce masa mu a tudu muke, kuma tudu ba ya kifewa. Ya ce Allah ya sa.

Da muka hau gada direba ya ce daga nan mun bar ƙasar Ringim mun shiga ta Dutse. Na gyara zama, na shirya a tambaye ni takarda, ba wanda ya kula ni sai wata yarinya mai tallan dafaffiyar gyaɗa. Na duba sosai, geron can da na nan duk kai ɗaya suka fitar. Muka wuce Jahun, muka wuce Kiyawa, ramukan hanya suna ɗaga mu suna ajiyewa, ni kuwa na rungume ƙwarya kamar mai jego. Wallahi ko ɗaya bai fashe ba. Sai da muka isa ƙofar gidan, ina shirin in tura Nafisa ta yi sallama, ƙofar ƙarfe ta buɗe, ga mutumin tsaye, ya miƙo hannu zai karɓi kayana. Na kau da kai da sauri, na juya, ƙwarya ta daki ginshiƙi. Ƙwan da ya tsallake ramukan ƙasa biyu, kunya ta fasa shi a bakin ƙofa. Bakwai suka tsira.

Mutanen Dutse suna da al'adu masu ban mamaki. Gidan ba zaure, daga titi sai tsakar gida. Yara suna ɗare wuyan ubansu suna ce masa Abba, suna cin abinci tare da shi a kan tebur, kowa da farantinsa kamar masu gaba. Shi kuma ya buɗe baki gatsal ya ce "Nafisa!" alhali ita ce 'yar farinsa, ko tari bai yi ba. Aka ba ni ɗaki da katifar da in ka kwanta sai ka nemi mai jawo ka. Na sauko da tabarma. Abincina kuwa na roƙa a riƙa kai mini gindin darbejiyar tsakar gida. Daga nan, ta wutsiyar ido, na ga abubuwa biyu: wuyan rigarsa ya yi masa yawa, kuma matarsa tana yi masa girki daban a 'yar tukunya. Na so in tambaya. Amma 'yar aikena tana can tana wasa da ƙannenta, ita kuma matar suruka ce, tata kunyar daban. Na haɗiye tambayar da tuwo.

Wurin horon wani zaure ne babba wajen Limawa, mai na'urar sanyi. Niyyata in ajiye yarinya in tafi kallon duwatsu da dabino, amma aka ce ana ba da shayi da ƙarfe goma, sai na ga bai kamata a bar yara ba babba ba. Mai koyarwar Malama Bilkisu ce, ba ta fi sa'ar autata ba, da tabarau. Tare da ita akwai Malam Nura mai ɗaukar murya, wanda kullum kunnuwansa a toshe da wasu faifai baƙaƙe. Ranar farko ta rubuta a allo cewa kowane mutum a wasa akwai abin da yake so, akwai kuma abin da ya tare masa hanya. Na ce a raina, wannan ai noma ne, an sa masa tabarau. Ta ba su aikin gida: kowa ya saurari mutum biyu a gidansu, ya rubuto abin da suka faɗa, kada ya gyara musu baki.

Washegari aka yi karatu. Wani yaro ya kawo cinikin uwarsa da mai garuwa, muka yi dariya har na ƙware. Sai Nafisa ta miƙe. Ga abin da ta karanta, na kwafo daga littafinta:

ƊA: Salamu alaikum. Baba, an wuni lafiya?
TSOHO: (yana duban bango) Lafiya.
ƊA: (shiru)
TSOHO: (shiru)
TSOHO: Ke, ce wa mutumin nan an ga hula, an gode.
YARINYA: Abba, wai an ga hula, an gode.
ƊA: Ce masa ba komai.

Yara suka fashe da dariya, wasu suna waiwayo ni. Na ƙura wa na'urar sanyi ido kamar ni na ƙera ta.

Malama ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Nafisa, me tsohon nan yake so?"

"Ban sani ba, Malama."

"To fitar da yarinyar daga ɗakin. Aike ta kanti. Me zai faru?"

"Shiru za su yi."

"Rediyo ba ya ɗaukar shiru. Mai saurare zai zaci batir ne ya mutu, ya hau dukan akwatin." Ta ce ranar Juma'a za a zaɓi wasa huɗu a ɗauka a gaban iyaye. Na Nafisa yana da rai, amma ba zai shiga ba sai ta samo abin da mutanen nan biyu za su ce in yarinyar ba ta nan.

Nan fa na ɗaga hannu, yadda na ga yara suna yi. Na ce, "Malama, a gafarce ni, ni ɗan aji huɗu ne. Amma shiru iri-iri ne. Akwai na fushi, akwai na girmamawa. Abin da ka fi so shi kake sayawa. Wa ya taɓa ganin an shanya zinariya a kan danga?"

Ta ɗan russuna. "Baba, ban ce al'adar ba ta da kyau ba. Ni ma mahaifina har ya rasu bai kira sunan yayarmu ba. Tambaya ɗaya ce tawa, kuma ta masu rubutu ce: shi wanda yake durƙushe, ya san wane irin shiru ake yi masa?"

Ina cikin laluben amsa, Allah ya taimake ni aka shigo da shayi.

Ranar Laraba da la'asar muka taho a ƙasa, don na ce kuɗin acaɓa gara a sayi dabino. Yarinya na tafe, ba tsokana. Na ce, "Hajiya marubuciya, an samo maganar?"

"Ta ina zan samo abin da ban taɓa ji ba? Kaka, in kai ne, me za ka ce masa?"

"Sai in ce masa ƙofar gidansa ta ci mini ƙwai."

Ba ta yi dariya ba. Ta tsaya a gefen titi, ta ce, "Saura sati uku in tafi makarantar kwana. Wa zai riƙa zuwa gindin kuka?"

Wallahi ban taɓa lissafa wannan ba. Na san za ta tafi, har akwatin ƙarfe na saya mata, amma ban haɗa biyun ba.

Sai ta ce, tana wasa da ƙwallon dabino, "Kuma akwai abin da ban faɗa maka ba. In ka ce in ce an gode, ba haka nake faɗa ba. Cewa nake ka ce hular ta yi maka kyau, ka sa ta ranar Juma'a, kana sa masa albarka."

"Ni na ce haka?"

"Ai ka sa ta ranar Juma'ar. Na ga kana duba madubi."

"Shi fa? Duk gaisuwar nan mai tsawo da kike kawo mini?"

"Shi ma ina ƙara masa gishiri." Ta sunkuyar da kai. "Rannan ya tambaye ni, wai ka taɓa tambayar lafiyarsa da kanka, ba ni na fara ba? Na ce masa kullum."

Jama'a, kun ji. Ashe shekara shida ni da Mutumin Yalwawa muna cikin wasan kwaikwayo, yarinya ce ke rubuta mana baki tsakanin ɗakina da gindin kuka, ba mu sani ba. Aka ce a kawo ta Dutse ta koyi sana'ar da ta riga ta ƙware a kai. Na so in yi faɗa, don ƙarya ba kyau. Amma da na auna, ban sami ƙaryar ba. Duk abin da ta ce na faɗa, yana nan a cikina. Ita dai ta san inda rumbun yake, ta riƙa ɗiba tana kai masa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tambayar tasa. Mutum mai shekara arba'in da bakwai, da furfura a gemu, yana tambayar 'yarsa ko ubansa yana tambayarsa.

Ranar Alhamis ta rubuta fitowa ta ƙarshe, Malama ta karanta ta ce ya shiga. Sai matsalar murya. Yaron da aka ba matsayin tsoho ya zo da gemun auduga, Malam Nura ya ce masa rediyo ba ya ganin gemu. In ya yi magana kuma sai ka ce ɗan tsako. Malama ta dube ni, yara suka dube ni. Na ce ba komai, ai taimakon ilimi ne. Na amsa kafin in ga takardar, wanda shi ne kuskuren da ɗan aji biyar ba zai yi ba. Da aka miƙo mini, na bi da yatsa, sai ga shi a farkon layi na huɗu, baƙi a kan fari: sunan. Sunansa na yanka, wanda ni na raɗa wa liman a kunne, ban kuma sake furtawa ba.

Na ce, "Ke, wannan fa?"

Ta ce, "Ba kai za ka faɗa ba, Kaka. Tsohon cikin wasa ne."

A gwaji, duk lokacin da na iso wurin sai tari ya kama ni. Malam Nura ya kawo mini ruwa har sau uku.

Juma'a da hantsi iyaye suka cika zauren. Ban duba ba, amma na san mutumin yana kujerun layi na uku, ta gefen taga, da hula ruwan toka. Wasanmu ne na ƙarshe. Aka tsayar da ni gaban abin magana, ga wani yaro Sadiku a gefena shi ne ɗan, ga Nafisa ita ce yarinyar. Muka yi sallama, na amsa wa bango, mutane suka yi dariya. Aka aiki yarinyar kanti, Nafisa ta taka ƙasa da ƙarfi don a ji tafiyarta, ta koma gefe ta tsaya. Saura ni da layi na huɗu.

Yatsana ya tsaya a kan sunan. Na ji na'urar sanyi tana huci. Malam Nura ya ɗaga hannu yana juya shi, wato in ci gaba. Na dubi Nafisa, ta ƙura wa ƙasa ido, ta damƙe gefen hijabinta. Na san in na yi tari yau, wasanta ya mutu a gaban mutane. Na kuma san sunan nan ba zai fito ba, ko za a yanka ni. Sai maganar Bahaɗejen nan ta faɗo mini, shi da kwalekwalensa.

Na sauke takardar. Ban dubi Sadiku ba. Na dubi layi na uku, ta gefen taga.

Na ce, "Kai. Ka rame. Me likita ya ce?"

Sadiku ya hau juya takarda yana neman wurin. Sai na ga mutumin ya zame daga kujera ya durƙusa a tsakanin layuka, kamar yadda ya saba.

"Suga ne, Baba. Amma da sauƙi."

"Tun yaushe?"

"Tun bara."

"Shi ne ba a faɗa mini ba?"

"Ban so yarinya ta ɗauko wannan ba." Ya gyara durƙuso. "Ban kuma san ta inda zan faɗa ba."

Na ga idonsa irin na uwarsa ne. Shekara arba'in da bakwai, sai ranar na sani.

Na ce, "To. A riƙa shan magani. A bar shayi da sukari, ba gado ba ne." Na ji wata mata ta yi 'yar dariya tana jan hanci. "Allah ya yi maka albarka."

"Amin, Baba."

Malam Nura bai kashe na'urarsa ba sai da aka gama tafi. Da muka fito Nafisa ta tare ni, ido jawur, ta ce, "Kaka, ka ɓata mini rubutu. Kwana biyu ina gyara layin nan." Malama Bilkisu ta dafa ta ta ce, "Je ki rubuta yadda suka faɗa, ki sa sunanki a ƙasa. Ke kika fitar da yarinyar daga ɗakin." Sadiku kuwa har muka tafi yana ƙorafin an cinye masa fitowa.

Kada ku zaci daga nan muka zauna muka yi ta hira. Washegari Mutumin Yalwawa ne ya kai mu tasha, a hanya na ce masa ruwan bana ya yi yawa a fadama, ya ce haka ya ji. Na ce ƙofar gidansa tana bukatar a rage mata ginshiƙi. Ya ce za a duba. Iyakarta ke nan, kuma ni a wurina tafiya ce mai nisa, ta fi ta Taura zuwa Dutse.

Yanzu amsar tambayarku. Ban zama ɗan wasa ba, layi ɗaya ma na kasa karantawa. Sunan kuma ban faɗa ba, ba kuma zan faɗa ba, da shi za a binne ni. Ban ce kowa ya watsar da abin da ya gada ba. Kunya ado ce. Abin da na gano kawai shi ne, mu da muka yi shirun mun san ma'anarsa, amma ba mu taɓa tambaya ko an ji shi a ɗaya gefen ba, ko kuwa can ana ta dukan akwati ana zaton batir ne ya mutu.

Nafisa ta tafi makaranta ranar Lahadin da ta wuce, da akwatin ƙarfe da sabon littafi. Ta bar mini wayar, ta nuna mini koren maɓalli har sau biyar kamar mai koya wa jaki karatu. Shekaranjiya bayan la'asar abin ya yi ƙara a aljihuna. Na duba tsakar gida, ba kowa sai akuya. Na ɗauki sandata, na taka har gindin kuka, gwiwa tana ƙara, wayar ta katse kafin in isa. Na tsaya ina haki. Ta sake bugawa.

Na danna koren, na ce, "Kai ne?"

Ya ce, "Ni ne, Baba."

Malam Sabo, kai da ka fi kowa dariya, naka ɗan farin shekara nawa ke nan yana Fatakwal? Kukar tana nan bayan gidana, ba a biyan ko sisi, kuma in ka zo zan juya baya in dubi bango.